Sifilin da Ya Zo Daga Gabas

Kamfaninmu ƙarami ne, mu tara ne har da mai gadi. Muna haɗa na'urar da ke juya farantin sola ya riƙa bin rana daga fitowarta har faɗuwarta. A jikin kowane faranti akwai ido biyu masu auna haske, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, da ƙaramin inji mai haƙora, sai wani akwati kamar tafin hannu wanda ƙwaƙwalwar na'urar ke ciki. Ni nake rubuta manhajar da ƙwaƙwalwar ke aiki da ita. Shekarata shida a kujerar bakin taga, wadda iskar fanka ba ta isa, kuma ban taɓa neman a canja mini ba, don daga nan ina hango matakalar da ke hawa rufin bene inda muke gwaji.

Lissafin ba shi da wuya a baki. Ƙwaƙwalwa takan ɗebe hasken idon gabas daga na idon yamma. In amsar ta fito sama da sifili, faranti ya juya yamma. In ta fito da alamar ragi a gabanta, ya koma gabas. Lambobin masu ɗigo ne, irin su 2.75 ko 0.04, tunda haske ba ya zuwa a dunƙule. Saboda haka sau ɗari a kowane daƙiƙa na'urar tana yi wa kanta tambaya ɗaya: lambar nan da ragi ko babu?

Wata Litinin Oga, mai kamfanin, ya shigo da ƙananan kwalaye biyu ya dire a teburina. Masu ƙera ƙwaƙwalwar da muka saba da ita sun daina yin ta. Ya samo wasu iri biyu daga wurare daban-daban, don kada a sake yi masa haka.

"Injiniya, manhaja ɗaya nake so," ya ce. "Ta hau tsohuwar, ta hau waɗannan biyun. Muna da ɗaruruwa a gonaki da makarantu, ba zan riƙa kiwon manhaja uku kamar awaki ba."

Na ce to. Mako biyu na yi ina kwashe kaya daga tsohon gida zuwa sabo, layi bayan layi. Ranar da na gama, kwamfuta ta haɗa komai ba ƙorafi ko ɗaya. Na kira Dogo, abokin aikina mai haɗa waya da dalma, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin gwaji. Muka hau rufi da sabon akwati, ya ɗaura shi a farantin tsakiya, na kunna.

Faranti ya ɗan juya yamma, ya dawo gabas, ya sake komawa, ya dawo. Haka ya yi ta girgiza kai kamar wanda ake ɗura wa magani mai ɗaci.

"Yaya," in ji Dogo, don na girme shi da shekara uku kuma ba ya bari in manta, "me kika gaya masa ne yake ta cewa a'a?"

Ban yi dariya ba. Na kashe, na sauko.

Kafin a tashi aiki na gano inda matsalar take. Layi uku ne, kuma ba ni na rubuta su ba, Kawu ne. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, shi ne injiniyan da suka fara kamfanin tare da Oga, ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce da idanunsa suka fara ba shi wahala. Rubutunsa tsaf ne kamar ɗinkin hannu, amma ko kalma ɗaya ta bayani ba ya sawa. In ka gane, ka gane.

Ƙwaƙwalwa tana ajiye lamba mai ɗigo a ƙananan gurabe huɗu da ake kira bayit, kowanne da bit takwas, kowane bit ko dai a kunne ko a kashe. Bit ɗaya tak daga cikin talatin da biyun nan shi ne alamar: in yana kunne akwai ragi, in yana kashe babu. Kawu ba ya tambayar lambar komai. Gurbi na huɗu yake buɗewa kai tsaye ya leƙa bit ɗin sama. A tsohuwar ƙwaƙwalwa daidai ne, nan alamar take. Amma wannan sabuwar daga ɗaya gefen take jera gurabenta, alamar tana gurbin farko, na huɗun kuwa wutsiyar lambar ce kawai, tarkacen da ke canjawa ko gajimare ya yi tari. Wutsiyar na'urar take karantawa tana yanke hukunci da ita.

Dogo ya jawo kujera ya leƙa allona.

"Wannan ai wahalar da kai ne. Me ya kai mutum leƙa cikin lamba? A tambaye ta kawai: kin gaza sifili ko ba ki gaza ba? Layi ɗaya, kuma kowace ƙwaƙwalwa ta san wannan tambayar."

Gaskiyarsa. Ni ma abin da zan yi ke nan. Na goge layukan Kawu uku na sa ɗaya. Muna cikin dubawa Dogo ya nuna wani wuri a ƙasa, inda ake tsayar da inji.

"Dubi wannan kuma. Maimakon ya ce gudu ya zama sifili, sai ya ce a ninka gudu sau sifili. Tsohon nan dai yana son zagaye."

"Bar shi," na ce, ba don na san dalili ba, sai don ba na taɓa abin da bai yi mini laifi ba.

Washegari faranti ya bi rana lafiya lau. Oga ya hau rufi da kofin shayinsa, ya tsaya yana kallo, bakinsa har kunne. Ya ce ranar Juma'a za a loda guda arba'in a mota.

Laraba na riga kowa zuwa, don na kai yara makaranta da wuri. Na tuna na bar mitata ta awon lantarki a rufi, na hau ɗauko ta. Iska na kaɗawa sosai da safen. Tun ina matakala nake jin wani sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar kwano da ɗan yatsa. Farantan duk sun dawo gabas suna jiran rana ta ɗaga. Na gefe, mai tsohon akwati da tsohuwar manhaja, tsaye yake ƙyam. Na tsakiya, nawa, yana rawa gaba da baya kamar faɗin yatsa, kuma duk rawa sai haƙoran inji sun bugi juna.

Da Dogo ya zo ya ce noti ne ya kwance. Ya ɗaure duk notin da ke jiki har gumi ya jiƙa masa riga. Ƙarar ba ta daina ba sai da rana ta ɗaga faranti ya fara tafiya yamma, daga nan shiru, har yamma ba mu sake ji ba duk da iskar ba ta kwanta ba.

Na sami Oga a ofis.

"Iska ce, Injiniya. Kowane ƙarfe yana ƙara a iska."

"Na gefensa ma ƙarfe ne, Oga, kuma iskar ɗaya ce. In haƙoran nan suka yi shekara suna bugun juna kowace safiya, za su cinye kansu. Ka ba ni lokaci."

Ya daɗe yana kallon kalandar bango.

"Mota Juma'a za ta zo da rana. Ba zan ɗaga ba."

Na koma teburina na haɗa tsohon akwati da kwamfuta. Na tura inji yamma na tsayar, allo ya nuna gudu sifili. Na tura shi gabas na tsayar, sifili. Ba bambanci. Sai na ce bari in daina yarda da abin da allo ke gyara mini, in kalli guraben huɗu tsirara. Bayan tafiyar yamma duka huɗun fanko ne. Bayan tafiyar gabas, uku fanko, ɗaya kuwa bit ɗinsa na sama a kunne.

Sifili ne, amma da ragi a gabansa.

Na jingina da kujera. Na san da shi. An koya mana a jami'a cewa lambobi masu ɗigo suna da sifili biyu, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta da shi kamar yadda ake manta lambar ɗakin jarrabawar. In ka tambayi sifili mai ragi ko ya gaza sifili, zai ce maka a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Layina guda ɗaya ba ya ganin bambancinsu. Layukan Kawu uku suna gani. Abin da ban sani ba shi ne me na'urar ke yi da wannan bambancin.

Na kira lambar Kawu, matarsa ta ɗauka. Ta ce yana nan, yana faɗa da wata rediyo, in zo in raba su. Na kira maigidana na ce ya ɗauko yara, na kama hanya.

Ɗakin Kawu a bayan gida yake, tebur ɗaya dogo, rediyoyin maƙwabta jere a kai da cikinsu a buɗe, ga wani madubin ƙara girma mai fitila da yake jawowa har kan hancinsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara da maigida, ya tambayi ko Dogo ya daina tsawo. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Kawu, me ya sa kake ninka gudu sau sifili?"

Ya ajiye sukudireba a hankali. Na ga fuskarsa ta canja, irin ta wanda ya ɓoye abu shekara da shekaru yana jiran a tambaye shi.

"Wa ya taɓa mini layin?"

"Ba a taɓa shi ba. Na sama na goge."

"Sai faranti ya fara ƙwanƙwasa da safe."

"Ya aka yi ka sani?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ɗaga hannuwansa biyu ya sarƙa yatsun cikin juna, ya ɗan motsa su.

"Kin ga haƙoran inji, 'yar nan? Komai kyawunsu akwai ɗan gibi a tsakani. In inji ya tsaya ya saki jiki, iska za ta yi ta wasa da faranti a cikin gibin nan. Shi ya sa in ya tsaya ba ya saki, yakan ɗan jingina ta inda ya fito yana turawa, haƙori na danne da haƙori. To dole ya tuna ta ina yake tafiya kafin ya tsaya. A lokacin ƙwaƙwalwar nan ta cika maƙil, ko bayit ɗaya ban da shi na ajiye wannan. Na kwana uku ina nema. Sai na tuna ragi uku sau sifili ba ya zubar da raginsa. Na ce to, sifilin ya riƙe mini."

Yanzu na gane komai. Da layina, na'urar tana ɗaukar kowane sifili a matsayin na yamma. In ta dawo gabas ta tsaya, sai ta jingina ta gefen da ba shi ba, haƙoran su rabu, iska ta samu wurin shiga.

"Kawu, da ka rubuta ko layi ɗaya na bayani mana. Da ban sha wannan wahalar ba."

"Na ɗauka ni zan yi ta karantawa," ya ce, ya taɓa gefen idonsa. Sannan ya gyara zama. "Gyaran ba wuya. Ki ce in tsohuwar ce a duba gurbi na huɗu, in sabuwar ce a duba na farko."

"Sababbin biyu ne, kuma jerinsu ba ɗaya ba ne. Baɗi Oga zai kawo ta huɗu. Ranar da wani ya manta bai ƙara ta a jerin ba, mun koma gidan jiya."

"To ke me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna."

"Madalla," ya ce, ya jawo madubinsa. "In kin sani ki gaya mini."

Alhamis tun safe na rufe kunnena da abin sauraro, ba waƙar komai a ciki, don dai kada a yi mini magana. A manyan kwamfutoci akwai umarni na musamman da aka tanada don karanta alamar lamba, amma kayan aikin tsohuwar ƙwaƙwalwarmu sun girme shi, ba su san shi ba. Na gwada wata dabara da na sani, a raba ɗaya da sifilin a ga ta wane gefe amsar za ta gudu. A tsohuwar ya yi, amma da nauyi kamar jan buhu, ɗaya daga cikin sababbin kuwa da ta ga an raba da sifili sai ta ƙame gaba ɗaya. Na yi tunanin in ware wuri daban na tuna gefen tafiya, in rabu da sifilin Kawu, amma tsohuwar har yanzu a cike take, kuma wurare goma sha ɗaya ne a manhajar suke dogara da wancan layin. Kaina ya ɗau zafi.

Wajen sha ɗaya na ɗauki biro na zana gurabe huɗu a bayan wata takardar oda, na cika su da yadda ake ajiye lamba ɗaya. A ƙasa na zana na ragi ɗaya. Na zana su a jerin tsohuwar, na sake zana su a jerin sabuwar, ina neman wani abu da bai canja ba. Ina kallo sai na ga abin da ke gabana tun ɗazu. Ko ta wane gefe aka jera, ɗaya da ragi ɗaya ba su da bambanci sai a wuri guda. Ba sai na san inda alamar take ba. Ƙwaƙwalwar ta sani. In aka kunna ta, ta rubuta ɗaya, ta rubuta ragi ɗaya, ta kwafe gurabensu gefe, ta gwada su gurbi da gurbi. Inda suka saɓa, nan alamar take. Ta riƙe wurin, daga nan duk lambar da ta zo, can za ta leƙa.

Nan take na fara bugawa. Wurin riƙewar ma sai da na yi faɗa na samo shi, na matse wani saƙon kuskure da ba wanda ya taɓa karantawa na ƙwato bayit biyu. Na ƙara sharaɗi ɗaya: in aka gwada aka ga sun saɓa a fiye da bit ɗaya, to wannan ƙwaƙwalwar ba irin ajiyar da muka sani take yi ba, kada ta yi cinta, ta kunna jar fitila ta tsaya. Layi goma sha ɗaya ya kama. Na rubuta bayani a samansu, layi goma sha huɗu, har da gibin haƙora da dalilin ninkawa sau sifili.

Na kira Dogo. Ya karanta sau biyu yana shafa haɓa.

"Wato ni ne na sa muka kusa aika arba'in masu ƙwanƙwasa."

"Ni na goge, ni na rubuta. Kai baki kawai ka sa."

"Bakin ma ai laifi ne." Ya miƙe. "Kawo, ni zan gwada, don in na bar ki za ki tausaya masa."

Ya jera akwatuna uku a tebur, kowanne da irin ƙwaƙwalwarsa, ya haɗa har da kwamfutata ta zama ta huɗu. Ya yi ta jefa musu lambobi, manya da ba su da iyaka a ido, ƙanana masu sifili talatin bayan ɗigo, masu ragi da marasa ragi, da sifilin nan guda biyu. Fiye da awa ɗaya yana nema ya kama ni. Duka huɗun amsa ɗaya suke bayarwa. Tsohuwar ta gano alamarta a gurbi na huɗu, ɗaya sabuwar a na farko, ba wanda ya gaya musu.

"Yaya," ya ce daga ƙarshe, "na sallama."

Juma'a da safe muka hau rufi, farantai uku da ƙwaƙwalwa iri uku, manhaja ɗaya. Iskar ta fi ta Laraba ƙarfi, har tana ɗaga mayafina. Duka ukun sun dawo gabas sun tsaya. Muka kasa kunne. Ba abin da ake ji sai motocin titi da wata tattabara a kan tankin ruwa. Oga ya sa hannu biyu ya girgiza na tsakiya da ƙarfi, ko motsi bai yi ba.

Muna nan sai muka ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa. Kawu ne, matarsa na riƙe da gwiwar hannunsa tana yi masa faɗa. Ni na kira shi Alhamis da yamma na ce na samu, amma ban ce ya zo ba. Oga ya ruga ya tare shi. Bai kula kowa ba sai da ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen kowane faranti, ɗaya bayan ɗaya, yana jin ko akwai rawa.

"Karanta mini," ya ce da ni. "Ba na ganin allon nan."

Na buɗe kwamfuta a kan bulo na karanta masa layukan goma sha ɗaya, da ƙarfi saboda iska. Ya runtse ido yana saurare.

"Koma na biyar."

Na koma. Ya gyaɗa kai.

"Shekara ashirin ina gaya wa ƙwaƙwalwa inda abu yake," ya ce. "Ko sau ɗaya bai zo mini in tambaye ta ba." Ya juya wajen Oga. "Ka ji ko? Wannan ya fi nawa. Ko bayan mu duka, a kawo wadda ba a ƙera ba tukuna, zai hau."

Ban san inda zan sa idona ba, sai na yi ta kallon igiyar takalmin Dogo. Na yi ayyuka manya a kamfanin nan, na rubuta layi dubbai, ba wanda na taɓa jin daɗinsa kamar waɗannan goma sha ɗayan.

"Bayanin fa?" in ji Dogo. "Kawu, ta rubuta bayani ya fi aikin tsawo."

"Wannan kuma rashin kunya ce," Kawu ya ce, "da ni take." Kowa ya fashe da dariya har matarsa.

Mota ta zo ƙarfe biyu, aka loda arba'in.

Asabar na kai yara gidanmu. Babana malamin lissafi ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli kafin ya ajiye, har yanzu in ya karɓi takardar asibiti sai ya duba ko an yi kuskure a jimla. Na same shi a baranda da jarida. Ya ce na rame, me ake ba ni a wurin aikin nan? Na ba shi labari tun daga farko. Yana bi yana gyaɗa kai har na zo kan sifili biyu. Nan ya sauke tabarau.

"Sifili nawa?"

"Biyu, Baba. Mai ragi da marar ragi."

"Auta, ni na koya miki ƙirga a barandar nan. Sifili ɗaya ne, kuma ba shi da gefe. Shi ne iyakar da ke tsakani."

"A takarda haka ne. A cikin na'ura kuwa yana tuna inda ya fito."

"To ba sifili ba ne. Alama ce kuka rataya wa sifili don kun rasa ƙusar da za ku rataye ta."

Ba ƙarya ya yi ba. Mama daga cikin ɗaki ta ce mu biyun nan in muka fara ba a gamawa, a zo a ci abinci. Baba ya ce a dakata. Ya aiki babbar 'yata ta ɗauko masa biro, ya juya bayan jarida, ya ce in zana masa guraben. Na zana ɗaya da ragi ɗaya, a jeri biyu. Ya daɗe a kansu, yana bin kowane bit da bakin biro kamar mai duba jarrabawa. Sai ya zagaye wanda ya bambanta.

"Wato ba ki nemi inda yake ba. Kin kawo abu biyu da kika san bambancinsu ɗaya ne, kika bar bambancin ya nuna kansa."

"Haka ne."

"Wa ya nuna miki?"

"Ba kowa."

Ya mayar da tabarau, ya yage gefen jaridar da zanen yake, ya ninke ya sa a aljihun gaba. Muka shiga cin abinci, a can na ƙarasa masa labarin.

Da la'asar ina ɗaure wa ƙaramar takalmi a falo, sai na jiyo muryarsa ta taga. Yana waya da tsohon abokin aikinsa, wanda suka koyar a makaranta ɗaya, kuma kamar kullum yana ɗaga murya sai ka ce wayar ba ta aiki.

"Autata fa, injiniyar. Na'ura iri uku, kowacce da jerinta, layi goma sha ɗaya ta rubuta duk suka bi. Wanda ya koya mata aikin da kansa ya hau bene ya ce ta fi shi." Ya yi shiru yana saurare. "A'a, wannan na gaya mata ba daidai ba ne, sifili ɗaya ne. Amma ka bari in zo in zana maka yadda ta yi. Gobe kana gida?"

Mama ta kalle ni ta girgiza kai tana murmushi. Na gama ɗaure takalmin, na ce wa yara su je su yi wa kakansu sallama, in ya ga dama ya ajiye wayar.